Tsayawa Tare da Wanda Jinsinsa Ya Saɓa wa Tsammanin Mutane: Jagora ga Mazauna Abuja

Duk wanda ya taso a unguwar Hausawa ya san ɗan daudu, ko da bai taɓa zama da shi ba. Ya gan shi a bakin tasha yana tuƙa tuwo, ko a gidan biki yana soya kaji, wataƙila ma ya ci abincinsa ya yi santi, sannan da ya ba da baya ya shiga cikin masu yi masa dariya. Haka nan kowa ya ji kalmar mata-maza, galibi a bakin masu zagi. Abin da ba kowa ya shirya masa ba shi ne ranar da maganar za ta shigo masa gida, wato ranar da ƙanensa da ke zaune tare da shi a Kubwa, ko yaron shagonsa a kasuwar Wuse, ko 'yar yayarsa da ke karatu a Gwagwalada, za su zauna a gabansa su ce akwai abin da suke ɓoyewa tun suna ƙanana. Domin wannan ranar aka rubuta wannan jagora.

Ba sai mutum ya warware duk wata muhawara ta malamai ko ta likitoci ba kafin ya hana a wulaƙanta ɗan Adam a gabansa. Kana iya riƙe aƙidarka yadda take, kuma ka zama wanda ba ya tona asiri, ba ya yarda a yi duka, ba ya yanke zumunci. A garin da muke, waɗannan ukun su ne mafi yawan abin da ake buƙata daga gare ka, kuma kowanne yana da yadda ake yin sa.

Mataki na farko: ka rarrabe abin da mutane ke haɗawa

Mafi yawan ɓarnar da ake yi ta samo asali ne daga zuba abubuwa mabambanta a kwando ɗaya. Mata-maza magana ce ta halittar jiki: an haifi jariri da al'aura, ko ƙwayoyin halitta, ko sinadaran jiki da ba su tsaya a kan siffar namiji ko ta mace kaɗai ba. Wani ana ganewa tun ranar haihuwa, wani kuwa sai lokacin balaga, kamar yarinyar da ta girma ba ta fara al'ada ba, ko wadda muryarta ta buɗe gemu ya fara fito mata. Malaman fiƙihu sun san wannan tun da daɗewa da sunan hunsa, har suka yi masa babi a rabon gado, kuma a mazhabar Malikiyya wanda lamarinsa ya rikice ana ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ɗaliban zaure ke karantawa a ƙasar Hausa, da wannan mas'alar ya rufe.

Waɗanda kafofin labarai ke kira masu sauya jinsi kuwa, jikinsu yana iya zama na namiji sak ko na mace sak, amma abin da suke ji a ransu game da kansu ya saɓa wa jinsin da aka san su da shi, kuma wannan ji yakan daɗe tare da su shekara da shekaru. Sunan ma yana ɗan ruɗarwa, domin da yawansu ba su taɓa shan magani ko shiga ɗakin tiyata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wannan yanayi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a sabon kundinta da aka amince da shi a 2019, wanda ya fara aiki a Janairun 2022.

Daudanci kuma matsayi ne da al'ummar Hausa ta daɗe da saninsa, yana da salon maganarsa, da sana'o'insa, da tsarinsa na uwar ɗaki da ƙawaye. Akwai 'yan daudu masu mata da 'ya'ya, waɗanda ke ɗaukar kansu maza ne kawai masu ɗabi'ar mata, akwai kuma waɗanda ke jin kansu mata ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan uku da yake nufin luwaɗi ko maɗigo kai tsaye, domin jinsin da mutum yake jin kansa daban, wanda yake sha'awa daban, abin da ya aikata kuma daban. Wanda ya ga tafiyar mutum ko ya ji muryarsa ya yanke masa hukuncin alfasha, ƙazafi ya yi. A nan ya kamata a faɗi gaskiya cewa akwai hadisin da ya yi hani mai tsanani ga namiji ya kwaikwayi mace ko mace ta kwaikwayi namiji, kuma mafi yawan malamanmu a kansa suke. Sai dai Imamu Nawawi da wasu magabata sun bambanta wanda aka halitta da wannan ɗabi'a da wanda ya ƙirƙire ta da gangan, suka ce na farkon ba abin zargi ba ne. Ko wane ɓangare ka fi karkata, babu malamin kirki da zai ba ka fatawar jifa a kan titi.

Mataki na biyu: zaman farko

Wanda ya zo ya faɗa maka irin wannan magana ya daɗe yana auna ka, kuma mai yiwuwa ya kwana bai yi barci ba. Abin da ya fara fita daga bakinka zai daɗe a ransa fiye da duk abin da za ka faɗa daga baya. Idan ka ji kanka ya ɗaure, gara ka yi shiru na ɗan lokaci da ka saki salati mai ƙarfi kamar an yi mutuwa. Kalmomi kaɗan sun wadatar: "Na ji ka, ƙanena. Na gode da ka yarda da ni. Wannan magana ba za ta wuce nan ba." Idan ba ka fahimta ba, ka ce ba ka fahimta ba, kuma kana so ya yi maka bayani a hankali.

Akwai tambayoyin da ba naka ba ne. Kada ka tambayi abin da ke cikin wandonsa, ko wa yake kwana da shi, ko an taɓa lalata shi yana yaro ne ya sa ya zama haka. Tambayoyin da suka kamata guda uku ne, kuma na aiki ne: wa da wa suka sani, shin akwai mai yi masa barazana yanzu, kuma me yake so ka yi masa. Sau da yawa amsar ta ukun ita ce ba ya son komai, yana so ne kawai a samu mutum ɗaya a duniya da ba sai ya yi masa ƙarya ba. Kada ka rena wannan. Wa'azi kuwa, idan kana ganin wajibi ne a kanka, ba ranarsa ba ce, domin babu wata aya ko hadisi da za ka karanta masa wanda bai riga ya karanta wa kansa ba cikin dare yana kuka.

Mataki na uku: "ka" ko "ki"

Hausa ba ta barin mutum ya yi magana da wani ba tare da ya zaɓa masa jinsi ba. Ko "sannu da zuwa" ka wuce, jimla ta biyu sai ka ce "ka zo lafiya" ko "kin zo lafiya". Saboda haka wannan batu ya fi nauyi a bakinmu fiye da a bakin masu wasu harsunan. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambaye shi a keɓe yadda yake so ka kira shi, sannan ka ƙara tambaya ta biyu wadda mutane ke mantawa da ita: a gaban wa? Mutum yana iya so ka ce masa "ke" idan kuna ku biyu, amma a gaban Baba ko a wurin aiki ya roƙe ka ka riƙe tsohon suna, domin kuskure ɗaya a gaban wanda bai dace ba yana iya raba shi da ɗakin kwanansa. Ka bi abin da ya tsara.

Idan lamirinka bai ba ka ka sauya tsakanin "ka" da "ki" ba, harshen ya bar maka ƙofa: jam'in girmamawa. "Kun tashi lafiya?" da "me kuke so a kawo muku?" ba su zaɓi jinsi ba, kuma babu wanda zai ji su ya ɗaga gira. Laƙabin sana'a ko na gida ma yana yin wannan aiki. Abin da ba shi da uzuri shi ne amfani da suna a matsayin bulala, wato kiran mutum "Hajiya" da murya mai shaƙiyanci domin majalisa ta yi dariya. Suratul Hujurati, aya ta 11, ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba, kuma ba ta ware kowa ba. Idan bakinka ya suɓuce, ka gyara ka ci gaba da magana, ba sai ka tsaya dogon ban haƙuri da zai mayar da hankalin kowa kansa ba.

Mataki na huɗu: rufin asiri

A nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya suke faɗuwa, shi ya sa zan daɗe a kai. Ba maƙiyi ne kaɗai ke tona asiri ba. Mai ƙauna ma yana tonawa, ta hanyar "neman shawara" wajen matarsa, ko amininsa, ko limamin unguwa, yana cewa kada a gaya wa kowa. Magana zarar bunu ce, kuma Abuja duk girmanta ƙauye ce ga Bahaushe: mai shayin Mabushi ɗan garinku ne, direban da ke lodi a Zuba ya san kawunku, kuma labarin da aka yi a Nyanya da safe yana iya isa Funtuwa ko Azare kafin la'asar. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Idan kana buƙatar shawara da gaske, ka nemi izininsa tukuna, ko ka yi tambayar ba tare da suna, unguwa, sana'a ko wata alama da za a gane shi ba.

Wayar hannu ita ce babbar kafar da asiri ke zuba. Kada ka ajiye hotunansa ko saƙonnin muryarsa da za su iya zama makami idan wayarka ta faɗa hannun wani, kada ka sa shi a rukunin WhatsApp ba da saninsa ba, kada kuma ka ɗora hotonku a Facebook ko TikTok sai ya yarda. Ku duka biyu ku sa wa wayoyinku lambar sirri, ku kunna tsarin goge saƙonni da kansu. Yara suna ɗaukar wayar iyaye su yi wasa, masu gyaran waya kuma suna ganin abin da ke ciki.

Akwai wata muguwar sana'a da ta yaɗu a biranen Najeriya, wadda ake kira kito. Ana yaudarar mutum ta intanet a gayyace shi wani wuri, yana isa sai ya tarar da gungun mutane, su doke shi, su tuɓe shi su ɗauki bidiyo, su kwashe kuɗin asusunsa, sannan su riƙa kiran danginsa suna neman ƙari. Suna yin haka ne domin sun san wanda aka zalunta yana tsoron zuwa wajen hukuma. Taimakon da za ka iya yi tun kafin abin ya faru shi ne ka zama wanda ake gaya wa inda za a je: ya turo maka adireshi da lokacin da zai dawo, ku kuma yi yarjejeniya a kan wata kalma da idan ya faɗe ta a waya ka san yana cikin haɗari. Idan abin ya riga ya faru, kada ka fara da "me ya kai ka". Ku adana saƙonnin barazanar da lambobin asusun da aka tura kuɗi, ku nemi lauya, kuma ku sani cewa biyan mai ƙwace ba ya rufe bakinsa, yana dai koya masa cewa akwai sauran.

Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya rufa wa Musulmi asiri, Allah zai rufa masa nasa duniya da lahira, kuma aya ta 12 ta Hujurati ta hana binciken sirrin mutane. Na kawo su ne domin wata rana wani zai ce maka shirunka haɗin baki ne, kuma ya kamata ka san ƙasar da kake tsaye a kai.

Mataki na biyar: ka san doka kamar yadda take

Mai son taimako da bai san doka ba yana iya jefa kansa da wanda yake taimako a rami. Dokar hana auren jinsi ɗaya, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a Janairun 2014, ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya yi rajista, ya gudanar, ya shiga ko ya tallafa wa ƙungiya ko taron masu neman jinsi ɗaya. Dokar ba ta ambaci masu sauya jinsi ko mata-maza ba, amma a aikace ana amfani da ita a kan duk wanda kamanninsa suka ja ido. Haka kuma kundin hukunta laifuffuka na Final Kod, wanda ke aiki a Abuja, a sashe na 405 ya lissafa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza da za a iya hukuntawa. Ka kuma tuna cewa iyaka a nan kusa take: da ka wuce Zuba ka shiga Madalla da Suleja kana jihar Neja ne, ɗaya daga cikin jihohi 12 masu dokokin shari'ar Musulunci, kuma tafiya gida Kano ko Bauchi hutun Sallah tana da nata lissafin.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne abin da dokar ƙasa ta ba kowa ba tare da togiya ba. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam ya hana azabtarwa, sashe na 37 ya kare sirrin mutum da gidansa da wayarsa. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ke aiki a Babban Birnin Tarayya kuma hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ke kula da ita, ta haramta duka, da tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, da tsoratarwa, ta amince cewa namiji ma ana iya yi masa fyaɗe, ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da hedikwata a Maitama, kuma tana karɓar ƙorafi kyauta. Ciyar da ɗan'uwanka, da ba shi wurin kwana, da raka shi asibiti, zumunci ne. Duk abin da ya wuce haka zuwa shirya taro ko kafa ƙungiya, kada ka taka sai da shawarar lauya.

Mataki na shida: ranar da abu ya ɓaci

A Fabrairun 2014, 'yan makonni bayan sanya hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya, wasu gungun mutane sun bi gida-gida a Gishiri cikin dare suna fito da samarin da suke zargi suna dukansu. A Agustan 2024 kuma an tsinci gawar wani sanannen mai shigar mata na TikTok a gefen titin Katampe zuwa Mabushi. Haɗarin da ake magana a kai a cikin garin nan yake.

Idan ka tarar an taru a kan mutum, kada ka buɗe muhawara da taron a kan halal da haram, domin taro ba ya sauraron hujja. Ka kira lambar gaggawa ta 112, ka nemi mai faɗa a ji mafi kusa, ko sarkin Hausawan unguwa, ko shugaban 'yan kasuwa, ko liman, ka yi magana da harshen da zai karɓu: "Ranka ya daɗe, idan yaron nan ya mutu a nan, unguwar nan gaba ɗaya za a kwashe." Burinka ɗaya ne, a fitar da shi daga wurin da rai, a shigar da shi shago ko mota. Kada ka ɗauki bidiyo ka yaɗa ko da niyyar neman tausayi, domin fuskarsa za ta riga shi isa garinsu.

Idan kama shi aka yi, ka je caji ofis da katin shaidarka, kuma in da hali tare da wani dattijo. Ka yi magana da ladabi, "yallaɓai, na zo ne a kan ɗan'uwana", ka rubuta sunan ofishin da na jami'in da ke riƙe da maganar da lokacin da aka kama shi. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya, ya kuma wajabta a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Beli kyauta ne a doka, mace ma tana iya tsayawa, kuma wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Ba da Tallafin Shari'a. Ka roƙi kada a haɗa shi ɗaki da waɗanda za su cutar da shi, ka kuma riƙa zuwa da abinci safe da yamma, domin wanda aka ga yana da masu zuwa ba a yi masa abin da ake yi wa wanda ba shi da kowa.

Mataki na bakwai: lafiya

Zan fara da jariri, domin nan ne jinkiri ke kisa. Idan aka haifi yaro aka kasa tantance jinsinsa, kunya takan sa iyaye su naɗe shi su koma gida su yi shiru. Ɗaya daga cikin manyan dalilan wannan yanayi matsala ce ta wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda, wadda a nau'inta mai tsanani take sa jikin jariri ya riƙa zubar da gishiri. A mako na biyu ko na uku sai ya fara amai, ya ƙi nono, ya rame, kuma yana iya rasuwa idan ba a ba shi magani ba, alhali maganin yana nan. Saboda haka irin wannan jariri a kai shi babban asibiti cikin kwanakin farko, kamar Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, a nemi likitan yara masanin sinadaran jiki. Za a yi gwajin jini da na ƙwayoyin halitta da hoton ciki. Matsin ranar suna gaskiya ne, amma suna ana iya sauya shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa sahabbai da dama. Abin da wuƙa ta yanke ne ba ya dawowa. Kada a bari wanzami ya taɓa shi, kuma tiyatar da ba ta ceton rai ko buɗe hanyar fitsari ba ce, a yi tambaya sosai ko za ta iya jira har yaron ya girma ya faɗi abin da yake ji.

Ga manya kuwa, babbar matsalar ita ce shan magani ba da likita ba. Wasu suna sayen ƙwayoyin tazarar haihuwa a kemis su riƙa sha da yawa domin jiki ya yi laushi, alhali sinadarin da ke cikinsu yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, musamman ga mai shan taba. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, alamu ne na gaggawa. Allurar cika ƙugu ko ƙirji da ake yi a ɗakunan haya tana iya kashewa, haka ɗaure ƙirji da bandeji mai tsauri yana takura numfashi ya raunata haƙarƙari. Faɗa ba ya sa a daina, yana sa a ɓoye maka ne. Abin da ke aiki shi ne ka ce za ka raka shi wajen likita, ka zauna tare da shi a layi domin kallon da ake yi masa ya ragu, ka kuma ƙarfafa shi ya gaya wa likita duk abin da yake sha. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin majinyaci.

Ka sa ido a kan ransa ma. Wanda ya daina cin abinci, ya daina fita, ya fara rabar da kayansa ko yana cewa gara ya huta, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, tana buɗe ƙofa ne. Idan ya ce e, kada ka bar shi shi kaɗai, ka kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da tarin magunguna daga ɗakin, ku je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ranar.

Mataki na takwas: iyali

Idan maganar ta fito a gida, aikinka ya koma na mai shiga tsakani, kuma dole ka tausaya wa iyayen su ma. Abin da ke cin su galibi tsoro ne: me mutane za su ce, wa zai auri ƙannensa mata, me za su gaya wa Allah. Kada ka tunkari Baba a gaban jama'a. Ka fara da wanda ya fi taushin zuciya kuma ake jin maganarsa, wata ƙila Inna, wata ƙila Gwaggo ko Kawu, kuma kada ka nemi su amince da komai a zama ɗaya. Ka nemi abubuwa ƙanana masu iyaka: kada a doke shi, kada a kore shi, kada a cire shi daga makaranta, kada a yi masa baki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, wannan karin magana iyayenmu ne suka koya mana, kuma ana iya mayar musu da ita cikin ladabi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2009 a kan matasa masu neman jinsi ɗaya ya gano cewa waɗanda iyalansu suka yi musu mummunar ƙyama sun ninka sauran fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kansu. Korar yaro ba ta sauya shi, titi kawai take miƙa wa shi.

Za a kawo shawarwari biyu, kuma dukansu sai ka tsaya a kansu. Ta farko ita ce a yi masa aure ya warke. Auren dole ba ya warkar da komai, yana ƙara mutum na biyu ne cikin wahala, wato 'yar mutanen da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ta biyu ita ce a kai shi gidan mari ko wajen mai cire aljanu da bulala. Duk wanda ya ga hotunan mutane sama da 300 da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, da sarƙa a ƙafafu da tabo a bayansu, ya san abin da ake nufi. Addu'a daban, azabtarwa daban. Idan yana son zama da malami ko fasto, ka taya shi neman mai ilimi da haƙuri, wanda ba zai mayar da shi abin misali a huɗubar Juma'a ko wa'azin Lahadi ba.

Mataki na tara: abinci, ɗaki da majalisa

Mutumin da ke da sana'arsa da ɗakinsa ya fi ƙarfin wulaƙanci da yawa. Idan yana sayar da abinci, ka saya ka kuma kai masa ciniki. Idan ɗinki ko kitso ko kwalliya yake yi, ka haɗa shi da masu biki. Idan kai mai shago ne ko shugaba a ofis, ka auna shi da aikinsa, ka kuma gaya wa sauran yara sau ɗaya, ba da wasa ba, cewa ba a tsokanar kowa a nan. Masu gidajen haya a Abuja sukan nemi wanda zai tsaya wa mai haya, kuma sa hannunka a wannan takarda yana iya fin duk kalaman ƙarfafa gwiwa amfani. Ka tabbata an karɓi rasit an kuma rubuta yarjejeniya, domin mai haya da ke da takarda ba a fitar da shi sai da sanarwa da umarnin kotu. Taimakon kuɗi kuwa ka yi shi daidai ƙarfinka, ka faɗi iyakarka tun farko, kada kuma ya zama igiyar da za ka riƙa ja da ita kana juya rayuwarsa.

Saura majalisa, inda ake shan shayi ana yanka mutane. Ba sai ka yi lacca ba. "Ku bar shi haka, ɗan mutane ne," ko "ni dai ban ga abin dariya ba," sannan ka sauya zance, ya isa. Wani zai ce ko kai ma ɗan hannu ne, kuma ya kamata ka shirya wa wannan tun kafin ka buɗe baki, ka amsa da murmushi ka ƙi janye maganarka. A kowace majalisa akwai wanda ya yi shiru domin maganar ta taɓa ɗansa ko ƙanensa, kuma yana lura da wanda ya hana.

Idan Sallah ta zo ka aika masa da nama kamar yadda kake aika wa kowa, idan ana suna a gidanka ka gayyace shi ka kuma tanadi wanda zai zauna kusa da shi, idan ya kwanta ciwo ka je dubiya da rana tsaka ta ƙofar gaba. Idan an yi masa rasuwa a gida kuma yana tsoron zuwa gaisuwa shi kaɗai, ka ɗauke shi a motarka ko ku hau ta haya tare daga tashar Jabi, ku shiga zauren tare, ka zauna a gefensa har a shafa fatiha.